Kifin da Ya Ƙoshi

Ranar da Dubagari ta kawo kifayen, a cikin wani ƙaramin bokiti mai murfi ta riƙo su, kamar mai kai abinci asibiti. Ta ajiye a bakin tankinmu ta buɗe. Na leƙa, Baba ma ya leƙa. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne masu ruwan toka, babban cikinsu bai kai rabin ɗan yatsana ba.

"Su ke nan?" in ji Baba. "Ai waɗannan ko ɗari aka haɗa ba sa ba miya ƙamshi."

"Ba na miya ba ne, Baba, ma'aikata ne," in ji ta. "Tsutsar sauro suke ci."

Ni ban yi dariya ba, don a lokacin dariya ta yi min nisa. Kwana shida 'yata Tilo ta yi a gadon asibiti, yarinya 'yar shekara tara tana kukan ƙasusuwanta kamar tsohuwa. Ranar sallama likita ya ja ni gefe ya ce zazzaɓin dengi ne, kuma wannan karon ta tsallake. Amma wanda ya taɓa yi, in ya sake kamuwa da wani irinsa, abin yakan fi tsanani, har jini ya ɓalle. Ya ce sauron da ke kawo shi mai zane a ƙafa ne, da rana yake cizo, kuma ba a kwata yake ƙwai ba, a ruwa mai tsabta da aka ajiye a gida.

Ruwa mai tsabta da aka ajiye a gida kuwa, ai ni ce uwarsa. Wanki da guga ne sana'ata, famfo kuma sau biyu yake zuwa a mako, in ya ga dama. Don haka mijina, kafin ya koma tuƙin babbar mota da ba ya barinsa zama, ya gina min tankin siminti a bayan gida, faɗinsa ya kai ƙaramin ɗaki, tsayinsa ƙirjina. An rufe shi da fallayen kwano da duk sun lanƙwashe, sauro na shiga yana fita son ransa. In na zubar da ruwan nan, na zubar da abincinmu.

Daga asibiti ban kawo Tilo gida ba. Gidan ƙanwata na wuce da ita, can ɗaya gefen gari, hawa na uku, inda famfo ba ya ɗaukewa, ba mai ajiye ko kofi ɗaya na ruwa. Na rantse ba za ta taka gidan nan ba sai tankin ya tsarkaka. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san in na ƙi abu, ko ni kaina ba na iya lallashin kaina.

Dubagarin da ofishin lafiya ya turo mana mace ce gajera mai takalmin roba da jaka cike da tarkace. Ta ciro farin ludayi ta tsoma a tankin ta miƙo min. Sai ga su nan suna wutsil-wutsil, sun fi ashirin a ludayi ɗaya. Ashe ni ke kiwon abin da ya kusa kashe min 'ya.

"Ludayi goma," in ji ta. "Ranar da na ɗebo goma a jere babu ko ɗaya, ki je ki ɗauko 'yarki. Kada sabulu ya taɓa ruwan nan, kada a zuba maganin wanki, kada a bari ya ƙafe ƙarƙaf."

Ta juye kifayen a hankali, suka watse cikin duhun ruwan. Daga nan ta dubi Baba, wanda ya tsaya riƙe da ƙugu yana taɓe baki, ta ga dattijo ne da ba shi da abin yi, sai ta so ta faranta masa.

"Baba, amanarsu na hannunka. Ka kula da su."

Baba ya saki ƙugu ya gyara tsayuwa. "An gama," in ji shi.

Ya kamata in faɗi ko wane ne Baba. Mahaifina ne, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kuku a makarantar kwana, yana ciyar da yara ɗari huɗu sau uku a rana. Har yau in ya haɗu da tsohon ɗalibi a hanya, kafin ya amsa gaisuwa sai ya dubi wuyansa ya ga ko ya rame. Dokarsa ɗaya ce, kuma mun ji ta har mun haddace: kuku ba ya ci sai kowa ya ci. A gidanmu shi ne na ƙarshe a kan kwano, ko da kuwa baƙo ne ya makara. Tun da ya yi ritaya ya dawo wurina, duk wannan hidimar ta tattaru a kan mutum ɗaya, wato Tilo, wadda yake kira uwar ɗakinsa. Shi ke haɗa mata karin kumallo, shi ke jiran ta taso daga makaranta da ɗan farantinta mai hoton agwagwa, yana buga masa cokali kamar ƙararrawa.

Ni dai na bar shi da kifinsa na shiga yaƙi. Na kife duk wani gwangwani da ke gidan, na huda tsofaffin bokitai, na jawo firji na zubar da ruwan da ke taruwa a bayansa. Na hau kan rufi da kaina na share indararo, maƙwabta na kallona suna cewa Maman Tilo ta zare. Ban tsaya a gidana ba. Mai faci da ke bakin layinmu yana da tulin tsofaffin tayoyi, kowace da ruwanta a ciki. Na je na yi masa magana da daɗi, ya ce zai duba. Washegari na koma na yi masa da rashin daɗi. Rana ta uku na je da niyyar in kwashe su da hannuna, sai na tarar ya ga tahowata ya riga ni.

Mako ya zagayo Dubagari ta dawo. Ludayin farko, goma sha biyu. Na biyu, goma sha bakwai. Ba ta ma kai na biyar ba ta tsaya.

"Ki ba su lokaci, baƙunta ce," in ji ta, amma na ga ta ɗan yamutsa fuska.

Da yamma na kira ƙanwata a waya, ta miƙa wa Tilo.

"Mama, yaushe zan dawo?"

"Saura kaɗan."

"Haka kika ce wancan makon. Kaka yana cin abinci kuwa? Ki ce masa Anti ba ta iya soya ƙwai ba."

Na ji ƙanwata daga nesa tana cewa to ta koma gidansu mana. Na yi dariyar dole na kashe wayar. Na yi kewar yarinyar nan har cikin haƙarƙarina, ɗakinta na nan yadda ta bar shi, takalminta ɗaya a ƙarƙashin gado ɗaya a bakin ƙofa, na kasa haɗa su.

Mako na biyu na zargi kowa. Na zargi sabuluna, na sayi sabon bokiti na ɗiba da sabulu ba ya taɓa shi. Na zargi masu ruwa. Na zargi kifayen da kansu, na ce ƙila malalata aka zaɓo min. Da yake bututu ne ke kawo ruwan daga gindin tanki zuwa wurin wankina a gaban gida, ban cika zagawa baya ba sai in zan duba yawan ruwa. Nakan dai ji ƙarar cokali a kan faranti da safe, da rana, da la'asar, sai tausayi ya kama ni in ce tsohon nan kewar jikarsa ce ta sa shi buga ƙararrawa ba mai zuwa. Ban taɓa leƙawa ba, don kada in ba shi kunya.

Ranar da Dubagari ta dawo karo na biyu, ludayin farko ya fito da ashirin da uku. Ta ɗage fallen kwano ɗaya ta haska fitila. Kifayen kuwa maimakon su gudu, sai suka taso sama gaba ɗaya, baki buɗe. Ta sa 'yar raga ta kamo ɗaya ta saka a kofin gilashi ta ɗaga shi sama. Kifin ya yi ɓul-ɓul, ciki ya fito, da ƙyar yake juyawa.

"Wa ke ba su abinci?" in ji ta.

"Ni ne," in ji Baba daga bayanmu. Ya matso yana murmushin da ban gani a fuskarsa ba tun kwanciyar Tilo. "Kin ga yadda suka murmure ko? Da kika kawo su ai ƙashi ne da ido. Da safe gwaiduwar ƙwai, a murje ta sosai. Da rana shinkafa, amma sai an dame ta, bakinsu ƙarami ne. La'asar ɗan burodi. Har sun haihu, ki duba can lungun."

Dubagari ta ajiye kofin ta dafe kai.

"Baba, sau uku?"

"Ai ke kika ce in kula da su."

"Na ce ka kula, ban ce ka ciyar ba."

Baba ya dube ta kamar ta yi magana da wani yare. "To mece ce kulawar in ba ciyarwa ba?"

Ta yi masa bayani a hankali. Kifin nan yunwa ce ke sa shi aiki. In ya ƙoshi da ƙwai, me zai kai shi bin tsutsa? Ragowar abincin da ke nutsewa ƙasa kuma, ita ma tsutsar na samun rabonta. Wato mako biyu ke nan Baba na ciyar da ɓangarorin biyu, ba nuna bambanci.

Ita ta iya magana a hankali. Ni ban iya ba, kuma ban taɓa iyawa ba.

"Baba, na hau rufi, na yi faɗa da mutanen layi, na hana kaina barci, ashe kai ne kake nan kana buɗe musu makarantar kwana? Yarinyar nan kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta dawo. Kai ne ka hana ta dawowa."

Maganar na fita na so in kamo ta, amma ta riga ta isa. Baba ya sunkuya ya ɗauki farantin da ke kan bulo kusa da tanki, sai a lokacin na lura da shi, farantin agwagwa ne, da sauran ɓurɓushin burodi a kai. Kullum rabon Tilo yake dafawa kamar yadda ya saba, in ya rasa wanda zai miƙa wa sai ya kawo nan. Ya share farantin da gefen rigarsa ya shige ɗaki.

Dubagari ta rage murya. "Laifina ne, 'yar'uwa, ni ce ban fayyace ba. A daina ba su komai. Kwana uku ko huɗu za ki ga bambanci."

Da la'asar na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, gaskiya na faɗa, kuma daga yau ko ƙwayar shinkafa ba za ta shiga ruwan nan ba. Na ji daɗi na tashi na kawo masa abinci. Ya dubi kwanon ya ture shi gefe.

"Baba, fushi kake yi da ni?"

"Ba fushi ba ne. Akwai masu yunwa a gidan nan."

"Su wa?"

Ya nuna bayan gida da haɓa. Na ɗauka wasa yake, sai da na ga fuskarsa.

"Baba, kifi ne fa."

"Amana aka ba ni. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kai loma baki ba alhali wani da ke hannuna yana jin yunwa. Ba zan fara yanzu da furfura ba. In sun ci, na ci."

A nan na gane inda na gado taurin kaina. Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna masa maganin hawan jininsa da ba a sha da cikin wofi. Da ƙyar muka daidaita a kan shayi da madara, shi ma don ya ce abin sha ba ci ba ne.

Rana ta farko ya ɗauki kujerarsa ya kai bakin tanki. Da inuwarsa ta faɗa kan ruwan, kifayen suka taso suka yi cincirindo, suna buɗe baki suna rufewa. Na ga hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya dawo wayam. Ya juya kujerar ya ba su baya, amma bai tashi ba.

"Ku yi haƙuri," na ji yana ce musu. "Abincin na nan kewaye da ku. Ku duba mana."

Rana ta biyu na soya ƙwai da albasa da gangan, na bar ƙofar kicin a buɗe don ƙamshi ya je masa. Ya leƙo ya ce wutar ta yi yawa, ya koma. Da rana na same shi da tsohon ludayinsa na aiki, wanda ya taho da shi daga makaranta, yana ɗiban ruwa yana ƙirgawa da gilashi a hanci. Takwas. Shida. Tara.

"Sun fara," in ji shi. "Amma ba duka ba. Akwai wani ƙato a nan, shi har yanzu ƙwai yake jira."

"To ai sun fara ci, Baba, kai ma ka ci."

"Ban gani da idona ba."

Abin duniya ya ishe ni. 'Yata na can, ubana na nan yana ramewa a gabana, duk a kan abin da bai kai rabin yatsa ba. Amma ban ce a jefa musu ko ɓurɓushi don ya samu ya ci ba, shi ma bai nema ba. Mu biyu mun san abin da muke jira.

Rana ta uku da safe ya tashi daga kujera sai da ya dafa bango. Ban jira mako ya cika ba, na kira Dubagari na ce ta zo yau, in ba haka ba zan kai mata tsoho ofis ta san yadda za ta yi da shi. Kafin azahar sai ga ta da takalmin robarta.

Ta ɗage kwanon. Wannan karon kifayen ba su taso ba, suna ta kai da kawowa a gefen bango kamar masu neman abin da ya ɓace. Ta tsoma farin ludayi ta ɗago. Ruwa zalla. Na biyu, ruwa. Ta zagaya ɗaya kusurwar, na uku, na huɗu, na biyar. Baba na ƙirgawa da leɓe. Na shida babu komai.

Na bakwai ya fito da guda ɗaya, 'yar ƙarama, tana wutsil-wutsil ita kaɗai a tsakiyar ludayin.

Dubagari ta ɗaga hannu za ta watsar a ƙasa, Baba ya ce, "Tsaya, 'yata. Ba ni nan."

Ya karɓi ludayin da hannu biyu, ya sunkuya ya tuntsurar da shi a hankali a kan ruwan. Tsutsar ba ta ko nutse ba. Wani kifi ya fito daga ƙarƙashin inuwar kwano kamar an harbo shi, ruwan ya ɗan motsa, shi ke nan.

"Ƙaton nan ne," in ji Baba a hankali. "Shi ne mai jiran ƙwai."

Dubagari ta ce wancan lissafin ya rushe, a sake daga farko. Ta ɗebo goma a jere, daga kowace kusurwa, har da lungun da suka haihu. Babu ko ɗaya. Ta ce in fesa magani a ɗakuna yau da jibi saboda waɗanda suka riga suka yi fiffike, in ci gaba da kife gwangwanaye, ita kuma za ta riƙa leƙowa duk mako. Ranar Asabar in je in ɗauko 'yata.

Na juya in yi wa Baba magana, sai na ga ya koma kan kujera yana share ido da bayan hannu.

"Sun ci," in ji shi. "Akwai sauran ƙwan nan naki da ya ƙone?"

Ranar Asabar na shigo da Tilo wajen ƙarfe ɗaya. Tun daga ƙofa muka ji cokali a kan faranti. Ta saki hannuna ta ruga. Baba bai rungume ta ba tukuna, sai da ya kama wuyan hannunta ya zagaye shi da yatsa biyu, ya girgiza kai ya ce ƙanwata za ta yi masa bayani. Ya zaunar da ita ya cika farantin agwagwa har ya yi tozo.

Ba ta yarda ta ci a ɗaki ba, sai a bakin tanki, don ta ga kifayen da ake ta ba ta labari a waya. Ta hau kan bulo ta leƙa.

"Kaka, ai sun rame," in ji ta. Ta gutsuri burodi ta miƙa hannu saman ruwan.

Baba ya riƙe hannun, ya buɗe 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya karɓe burodin.

"A'a, uwar ɗakina. Ki bar su da yunwarsu, ita ta dawo min da ke."

Ya kai burodin bakinta, ya tsaya a kanta har sai da ta cinye farantin tas, sannan ya je ya ɗauko nasa kwanon.